Wankin Maniyyi a Milan: Ƙwayar Haihuwa Ce Ke Ɗauke da Cutar, ko Ruwan da Take Iyo a Ciki?

A ƙarshen shekarun 1980, wasu irin baƙi suka fara yawaita a sashen mata da haihuwa na asibitin San Paolo da ke birnin Milan a ƙasar Italiya. Miji da mata ne, galibi matasa. Mijin yana ɗauke da ƙwayar cutar HIV mai haddasa ƙanjamau, matar kuwa an gwada ta an tarar ba ta da komai, kuma su biyun haihuwa suke so. Yawancin mazan sun kamu ne a ƙuruciya ta hanyar karɓa-karɓar allurar hiroyin, wadda ita ce babbar ƙofar da cutar ta bi ta shiga Italiya a wancan zamani. Sun tuba, sun nemi sana'a, sun yi aure, sai ga tsohon bashi ya biyo su har ɗakin amarya.

Amsar da likitocin duniya ke bai wa irin waɗannan ma'aurata a lokacin guda ce: ku haƙura. Kwaroron roba har ƙarshen rayuwa, in kuma lallai ana son yaro, to a ɗauki riƙo ko a nemi maniyyin wani namijin daban. Ba a kuma ga laifin likitocin sosai ba, domin maganin da ake da shi bai wuce AZT ba, wanda aka amince da shi a 1987, kuma haɗin magunguna uku da ya mayar da cutar abin da ake rayuwa da shi sai a 1996 ya zo. Mutumin da aka ce yana da HIV a 1988, ana yi masa kallon wanda kwanansa ya ƙare ne.

Wani likitan mata na jami'ar Milan, Augusto Enrico Semprini, ya lura da abin da duk wanda ya zauna da masu neman haihuwa ya sani: in ka ce musu su haƙura, za su ce to, su koma gida su ajiye kwaroron. Haɗarin da ake gudu sai ya auku a ɓoye, babu likita a kusa. Don haka ya yi wa kansa tambayar da sauran labarin nan ya rataya a kanta. A cikin maniyyi, ina ainihin ƙwayar cutar take zama? In tana cikin ƙwayar haihuwar kanta, magana ta ƙare, domin ba a samun ciki sai da ita. In kuwa a ruwan take da sauran tarkacen da ke tare da shi, to ana iya regewa kamar yadda mace ke rege tsakuwa daga shinkafa.

Abin da ke cikin maniyyi

A baki muna cewa maniyyi kawai, amma a ƙarƙashin madubin likita abu uku ne a cakuɗe. Akwai ƙwayoyin haihuwa masu kai da wutsiya, waɗanda maraina ke ƙerawa. Duk da miliyoyi ne a kowane zubi, ba su kai kashi 5 cikin 100 na yawan abin da ke fita ba. Akwai ruwan, wanda kusan kashi biyu cikin uku nasa ke fitowa daga wasu 'yan jakunkuna biyu da ke bayan mafitsara, mafi yawan ragowar kuma daga furostet, wata 'yar gaɓa ta maza da ke ƙarƙashin mafitsara. Sai na uku, wanda mutane ba su cika sani ba: fararen ƙwayoyin jini, sojojin garkuwar jiki, da ke biyo ruwan. Yawansu yana ƙaruwa ƙwarai in namiji yana da kumburi ko ciwon sanyi a mafitar fitsari.

Waɗannan fararen ƙwayoyi su ne gidan HIV na asali. Cutar tana shiga ƙwayar jiki ne ta wata ƙofa da ake kira CD4, da taimakon wata ƙaramar ƙofa, galibi CCR5, kuma wasu daga cikin fararen ƙwayoyin nan suna da duka biyun. Tun a 1983, kafin ma a gama tantance ƙwayar cutar, Deborah Anderson da abokin aikinta a Boston suka kawo shawarar cewa fararen ƙwayoyin da ke cikin maniyyi su ne ke shigar da ita jikin wani a ɓoye. A 1984 ƙungiyoyi biyu na masu bincike suka fitar da ƙwayar daga maniyyin maza masu ɗauke da ita. Ƙwayar haihuwa kuwa, yawancin binciken da aka yi bai same ta da ƙofar CD4 ba. Kanta a ƙulle yake tamau, ba ta rarrabuwa, ba ta ƙera sababbin sinadarai, wato ba ta da kayan aikin da cutar ke bukata don ta hayayyafa.

Cewa maniyyi shi kaɗai ya isa ya kai cutar, wani abin takaici da ya faru a Sidni ta Ostireliya ne ya tabbatar da shi. A 1982, mata takwas da mazansu ba sa haihuwa aka sanya musu daskararren maniyyin wani mai bayarwa, wanda a ido lafiyarsa ƙalau. Babu gwajin jini a lokacin. Da gwaji ya samu aka bi sawu, sai aka tarar huɗu daga cikin takwas ɗin sun kamu, ɗaya har kaluluwa ta fito mata a sassan jiki ta ƙi tafiya. Rahoton ya fito a mujallar Lancet a 1985. A nan babu saduwa, babu gogayya, babu rauni, an dai ɗiga ruwan ne a bakin mahaifa. Rabi cif suka kamu, alhali ƙiyasin da ake yi na saduwa guda tsakanin namiji mai cutar da mace marar ita bai wuce 8 cikin 10,000 ba. Daga wannan lamari ne aka tsaurara dokar ajiye maniyyin mai bayarwa na wasu watanni a sake gwada shi kafin a taɓa. Sai dai Sidni ba ta amsa tambayar Semprini ba, domin matan sun karɓi duka ukun ne a haɗe.

Akwai wata alama da ta fi kusa da amsa. Maza masu HIV da aka yi wa aikin ɗaure jijiyar maniyyi, waɗanda babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a abin da suke fitarwa, an ci gaba da samun ƙwayar cutar a ruwansu. Ke nan cutar ba ta bukatar ƙwayar haihuwa don ta fito. Abin da ya rage shi ne a gane ko ƙwayar haihuwar tana iya fita fes ita kaɗai.

Yadda aka yi wankin

Dabarar ba sabuwa ba ce. Asibitocin neman haihuwa sun daɗe suna tace maniyyi don zaɓo ƙwayoyin da suka fi kuzari. Abin da Semprini ya yi shi ne jera matakai uku, kowanne yana kama abin da ya kuɓuce wa na gabansa.

Da farko ana zuba maniyyin a saman wani ruwa mai kauri hawa-hawa a cikin kwalbar gwaji, a sa a na'urar da ke wulwulawa da gudu. Kamar yadda kaɗa nono ke ware mai, haka juyawar ke ware kowane abu bisa nauyinsa: ruwan maniyyi ya tsaya a sama, fararen ƙwayoyin jini da matattun ƙwayoyi su maƙale a tsakiya, lafiyayyun ƙwayoyin haihuwa, da yake sun fi nauyi kuma suna motsi, su nutse can ƙasa. Sai a kwaso na ƙasan a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a sake juyawa. Mataki na uku shi ne ya fi burge ni. Ana zuba sabon ruwa a hankali a kan abin da ya kwanta, a karkata kwalbar, a ajiye ta a ɗumin jikin mutum kamar awa guda. Ƙwayar haihuwa mai rai za ta yi iyo ta taso sama da kanta. Farar ƙwayar jini ba ta da wutsiya, ƙwayar cuta ma haka, sai su zauna inda aka bar su. Na saman ake zuƙowa, a sa a siririn bututu, a wuce bakin mahaifa da shi a zuba a cikin mahaifar a ranar da ƙwan matar ya fito.

Ga mai tambayar hukunci, maniyyin mijin ne ake mayar wa matarsa ta aure, don haka matsalar nasaba da ta sa malaman Sunna suka haramta karɓar maniyyin baƙo, irin abin da aka yi a Sidni, ba ta taso a nan ba.

A 1992 Semprini da abokan aikinsa suka buga sakamakon farko a Lancet. Ma'aurata 85 aka duba, aka zaɓi mata 29 da suka dace. An samu ciki 17 a mata 15. Babu matar da ta kamu. Jarirai 10 da aka riga aka haifa duk ba su da cutar, babbansu ma ya kai shekara uku yana cikin ƙoshin lafiya. Wato ya fara aikin ne tun kafin a samu gwajin da zai iya tabbatar masa cewa abin da ya wanke ya fita tsaf, kuma a kan mazan da ba sa shan wani magani mai ƙarfi. Wasu sun kira shi jarumi, wasu sun ce ganganci ya yi da rayukan mata. Ni dai ina ganin duka ɓangarorin suna da abin faɗa, domin mata 29 ba su isa hujja ba a kan cutar da ko ba a yi komai ba sai an yi saduwa ɗaruruwa kafin ta tsallaka.

Mace guda da ta rufe ƙofar Amurka

Masu suka suna da misali a hannu. A 1990 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton wata mata da aka sanya wa tataccen maniyyin mijinta, mai ciwon rashin daskarewar jini wanda ya kamu da HIV, kuma ta kamu. Tacewar da aka yi mata ba irin ta Milan ba ce, ba ta raba fararen ƙwayoyin jini da kyau ba. Duk da haka hukumar ta ba da shawarar a guji wannan hanya gaba ɗaya, kuma shawarar ta zauna daram shekara 27. Ma'auratan Amurka masu hali suka riƙa hawa jirgi zuwa Italiya.

Turai ta bi wata hanyar. Basalona ta ɗauka, Faransa ta ɗauka, asibitin Chelsea da Westminster a Landan ya fara a 1999. Aka kuma ƙara mataki na huɗu, wato a ɗebi kaɗan daga abin da aka wanke a yi masa gwajin PCR mai gano burbushin ƙwayar cuta. A nan aka ga cewa wanki ba ya fita ɗari bisa ɗari. 'Yan kaɗan cikin kowane ɗari na samfuran sukan nuna saura, sai a zubar a sake.

A 2007 cibiyoyi takwas na Turai suka haɗa alƙalumansu: ma'aurata 1,036, zagayen magani 3,390, jarirai 463. Cikin mata 967 da aka samu sakamakon gwajinsu bayan aƙalla wata shida, babu wadda ta kamu. A 2016 wani nazari da ya tattaro rahotannin duniya ya ƙirga zagaye 11,585 a kan mata 3,994, nan ma babu ko ɗaya. Sai a 2017 CDC ta sauya matsayi. Taka-tsantsan abu ne mai kyau, amma shekarun nan 27 ba kyauta suka tafi ba. Matan da aka rufe wa ƙofar asibiti ba duka ne suka haƙura ba, kuma waɗanda suka koma gida suka gwada sa'arsu babu wanda ya ƙirga su.

Abin da ɗakin gwaji ke cewa

Da a ce labarin ya tsaya nan, da sai a wanke ƙwayar haihuwa daga zargi a tafi. Amma masu aiki da madubi ba su taɓa sakin ta gaba ɗaya ba. A 1994 Baccio Baccetti da tawagarsa a Siyena suka ce sun hango wasu ƙwayoyi masu kama da HIV a jikin ƙwayoyin haihuwa, har da cikinsu. Wasu suka nema ba su gani ba, aka yi ta jayayya. A 2009 Ana Ceballos da abokan aikinta a Buenos Aires suka kawo abin da ya fi wannan ƙarfi. Sun nuna cewa a kwalbar gwaji HIV tana manne wa fatar ƙwayar haihuwa ta wani sinadari mai danƙo da ake kira hefaran salfet, kuma ƙwayar haihuwar tana miƙa ta ga ƙwayoyin garkuwar jiki cikin sauƙi, musamman waɗanda ke gadin fatar ciki ta al'aurar mace. Sun kuma ga mannewar tana ƙaruwa in ruwan yana da ɗan tsami kaɗan, irin yanayin da gaban mace ke komawa bayan saduwa. A wannan fahimta cutar ba ta shiga cikin ƙwayar haihuwa ba, hawa bayanta ta yi kamar kaska a jikin saniya.

To yaya za a daidaita wannan da dubban matan da ba su kamu ba? Bayanin da ya fi kwanta mini shi ne, a ɗakin gwaji ana zuba ƙwayar cuta mai yawa a kan ƙwayoyin haihuwar da aka riga aka tsabtace, alhali a jikin mutum ruwan maniyyi yana lulluɓe su da nasa sinadaran tun daga fitowa. Sannan wankin Milan yana raba su da ruwan da wuri, ya ɗauraye, ya gwada, ya kuma tsallake farji da bakin mahaifa, inda masu karɓar cutar suka fi yawa. Binciken Buenos Aires ya nuna abin da zai iya faruwa a saduwa ta yau da kullum. Milan ta nuna cewa in ma yana faruwa, mannewar ta waje ce kuma tana wankuwa.

Shi ruwan kuwa, kullum ƙara samun sa ake da hannu a ciki. Gaban mace mai lafiya yana da tsami, awonsa wajen 4, kuma wannan tsami yana raunana HIV. Maniyyi yana kashe tsamin na wasu sa'o'i don ya kare ƙwayoyin haihuwa, cutar ma sai ta ci albarkacinsu. A 2007 masu bincike a Ulm ta Jamus suka gano wasu zare-zare da ke haɗuwa daga gutsattsarin wani sinadarin furostet, waɗanda ke kama ƙwayar cutar su liƙa ta a jikin ƙwayoyin mutum. A kwalba sun ninka kamuwa ninkin ba ninki, ko da yake da aka gwada a birai ƙarin bai fito fili haka ba. A Lilongwe ta Malawi kuma, binciken da aka buga a 1997 ya nuna mazan da ke da HIV tare da kumburin mafitar fitsari, galibi ciwon sanyi, suna da ƙwayar cutar a maniyyinsu ninki takwas na waɗanda ba su da kumburin, kuma da aka ba su maganin sanyin sai yawan ya sauka cikin makonni biyu. Wannan binciken na Malawi ya fi duk na kwalba amfani ga talaka, domin maganin ciwon sanyi yana kowane asibiti.

Bakin mahaifa da tsohon zargi

Ba HIV ce ta fara jawo wa ƙwayar haihuwa tuhuma ba. An riga an gurfanar da ita a kan sankarar bakin mahaifa shekaru da dama kafin nan.

A 1842 wani likita a Berona, Domenico Rigoni-Stern, ya bi littattafan mutuwa na garin daga 1760 zuwa 1839, ya lura cewa sankarar mahaifa ta fi kashe matan aure da zawarawa, kuma da wuya a same ta a matan coci da ba sa aure. Daga baya aka ƙara gano cewa haɗarin yana ƙaruwa ga wadda ta fara saduwa da ƙuruciya, da wadda mijinta ke yawan neman mata ko da ita ba ta taɓa sanin kowa ba sai shi. A shekarun 1970 aka ga cewa matar da ta auri mutumin da matarsa ta baya ta yi wannan ciwo, ita ma haɗarinta ya fi na sauran mata. A fili yake namiji yana kawo wani abu. Mene ne?

Bevan Reid da Malcolm Coppleson, su ma a Sidni, suka ce ƙwayar haihuwar ce da kanta. Hujjarsu ba ta wasa ba ce. A bakin mahaifa akwai wani yanki inda fata iri biyu ke haɗuwa, ta ciki mai laushi da ta waje mai kauri, kuma a lokacin balaga da cikin fari ƙwayoyin wannan yanki suna sauya kama daga wannan zuwa wancan. Kusan duk sankarar bakin mahaifa daga nan take tashi. Reid ya nuna cewa waɗannan ƙwayoyi masu sauyawa suna iya haɗiye kan ƙwayar haihuwa, sai ya yi hasashen cewa sinadarin furotamin da ke ɗaure kan shi ne ke rikita su. A 1978 har suka buga a Lancet cewa mazan da ke ƙasa a arziki sun fi yawan wannan sinadari, wai shi ya sa matan talakawa suka fi kamuwa.

Sun gane wurin, sun gane lokacin, sun gane cewa akwai namiji mai haɗari, amma sun kama wanda ba shi ne ɓarawon ba. A 1983 da 1984 Harald zur Hausen da tawagarsa a Jamus suka fitar da ƙwayar cutar HPV nau'i na 16 da na 18 daga ƙullutun sankarar, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2008. Waɗannan biyun ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na ciwon, kuma wani babban bincike na 1999 ya sami HPV a kashi 99.7 na samfuran da aka tattaro daga ƙasashe daban-daban. Tana shiga ta 'yan ƙananan tsagogi ta kai ƙwayoyin ƙasan fata, ta saki sinadarai biyu, E6 da E7, masu kashe birkin da ke hana ƙwayar jiki rarrabuwa ba ƙa'ida. Babbar hanyarta kuma haɗuwar fata da fata ce, shi ya sa kwaroron roba yake rage ta amma ba ya tare ta duka.

Duk da haka fatalwar Reid ba ta kwanta ba. A Fadowa, tafiyar 'yan sa'o'i daga Milan, Carlo Foresta da tawagarsa suka nuna a 2011 cewa HPV tana manne wa tsakiyar kan ƙwayar haihuwa, ta wani sinadari ɗan gidan su hefaran salfet ɗin da HIV ke kamawa. Mazan da ke da ita a maniyyi sukan samu raguwar motsin ƙwayoyinsu. Abin da ya fi shafar labarinmu shi ne, sun tarar wankin da aka saba yi ba ya cire HPV daga kan ƙwayar yadda ya kamata. Wankin da ya yi maganin babbar cuta ya gaza a kan wadda ake rainawa.

Ruwan ma ya sake bayyana a nan. Maniyyi yana da sinadarin furostagilandin mai yawan gaske, fiye da kowane ruwa a jikin mutum, kuma bayan saduwa yana sa fararen ƙwayoyin jini su yi tururuwa zuwa bakin mahaifa. Wannan ɗan kumburi na halitta ne, yana share fage ga ɗaukar ciki. Amma masu bincike a Kef Tawun da Edinbara, Kurt Sales da Henry Jabbour da abokan aikinsu, sun nuna cewa in aka zuba ruwan maniyyi a kan ƙwayoyin sankarar bakin mahaifa a ɗakin gwaji, yana kunna hanyoyin kumburi da na tsirar sababbin jijiyoyin jini, har ma yana ƙara yawan ƙofar CCR5. Wannan bai nuna maniyyi yana haifar da sankara ba, kuma aikin kwalba ne. Ya dai nuna inda cututtukan biyu ke gamuwa. Bakin mahaifar da ya kumbura ko ya yi rauni ya tara ainihin ƙwayoyin da HIV ke nema. In kuma HIV ta shiga, sai ta karya garkuwar da ke share HPV, wadda a yawancin mata jiki ke kawar da ita da kansa cikin shekara biyu. Mace mai HIV ta fi sauran mata haɗarin sankarar bakin mahaifa ninki shida, kuma tafiyar da kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 tana iya ƙarewa cikin 5 zuwa 10 in ba ta shan magani. Tun 1993 aka sa wannan sankara cikin cututtukan da ke nuna ƙanjamau ya kama mutum sosai.

Da magani ya sha gaban wanki

Abin da ya rage wa dabarar Milan kasuwa ba kuskurenta ba ne. A shekarar 2000 binciken Rakai a Yuganda, kan ma'aurata 415 da ɗaya ke da cutar ɗaya ba shi da ita, ya nuna babu wanda ya kamu daga abokin zaman da ƙwayar cutar a jininsa ba ta kai 1,500 a kowace mililita ba. A Janairun 2008 hukumar ƙanjamau ta Suwizalan ta fito ta ce mai shan magani da cutar ta ɓace a gwajin jininsa ba ya yaɗa ta ta saduwa, aka yi mata ca. A 2011 wani gwaji mai suna HPTN 052 ya nuna cewa fara shan magani da wuri ya rage yaɗa cutar ga abokin zama da kashi 96 cikin 100. Binciken PARTNER na 2016 ya bi ma'aurata 888 da mai cutar a cikinsu ke shan magani har ta kwanta, suka sadu kusan sau 58,000 babu kwaroro, ba a sami kamuwa ko guda daga abokin zama ba. Abin sha'awa, akan tsinci burbushin cutar jefi-jefi a maniyyin wasu mazan da jininsu ya nuna babu, amma hakan bai zama kamuwa a waɗannan alƙaluma ba. Tun a 2013 hukumar tsara ƙa'idojin jinya ta Ingila ta ce in miji yana shan magani yadda ya kamata, cutar ta kwanta fiye da wata shida, babu wani ciwon sanyi, aka kuma taƙaita saduwar ga kwanakin fitar ƙwai, wanki ba lallai ya ƙara wani tsaro ba. Yau an fi ajiye shi ga wanda cutarsa ta ƙi kwanciya, ko ma'auratan da dama suna da matsalar haihuwa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a 2024, har da na HIV, kuma duk inda aka yawaita gwaji za a yawaita ganin irin baƙin asibitin San Paolo, ɗaya yana da ita ɗaya ba shi da ita. Ba sa bukatar na'urar wulwulawa ko tikitin Italiya. Abin da suke bukata shi ne mijin ya riƙe maganinsa kullum, a auna yawan ƙwayar cutar a jininsa a tabbatar ta kwanta kafin a ajiye kwaroro, a yi maganin duk wani ciwon sanyi a ɓangarorin biyu, matar kuma tana iya shan ƙwayar rigakafi a tsawon lokacin neman cikin.

Sai dai maganin HIV ba ya taɓa HPV, kuma maza masu HIV sun fi sauran maza ɗauke da ita. Matar da aka tsare daga cuta ta farko tana nan a buɗe ga ta biyu. A Najeriya ƙiyasin 2020 ya nuna mata kusan 12,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa, kusan 8,000 suka rasu. Allurar rigakafin HPV ta shiga jerin rigakafin gwamnati a Oktoban 2023, sau ɗaya ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, amma matar da ta riga ta yi aure ta wuce wannan layin. Nata rabon shi ne awon bakin mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara daga shekara 30 a maimaita duk shekara 5 zuwa 10 in gwajin HPV ake yi, mai HIV kuma ta fara daga 25, ta koma duk shekara 3 zuwa 5.